Idan jaka ta wuce sikana, shi ke nan babu komai a ciki?

Tambaya: Salam Malam. Zan tafi Umara ta Kano, maƙwabciyata ta ba ni saƙo in kai wa 'yarta a Madina, an naɗe shi da salatef. Hankalina bai kwanta ba, amma ta ce ai in da wani abu na'urar filin jirgi za ta nuna tun a nan. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba haka ba ne, kuma wallahi na gaji da jin wannan maganar, kullum sai an faɗa mana ita a wajen aiki.

Sikanar nan, wato na'urar duba kaya, makami da bam aka ajiye ta ta nemo, ba ƙwaya ba. A allonta ƙarfe yana fitowa shuɗi, amma duk abin da ya danganci abinci ko magani ruwan lemo yake fitowa, wato kilishi da yaji da sabulu da tramadol duk kusan kala ɗaya, kuma na'urar ba ta cewa komai, ma'aikaci ne zai kalli hoton na 'yan daƙiƙu ga layi ya yi tsawo ga gajiya, ya ce wuce. To ina tabbacin yake?

Ko bam ɗin ma ana kuskure shi. Umar Faruk Abdulmutallab a Disambar 2009 ya bi ta Legas da Amstadam da sinadarin bam mai suna PETN a kamfai, ƙofar gano ƙarfe ba ta yi ƙara ba don babu ƙarfe. A Amurka kuwa a 2015 jami'ai sun gwada shiga da makaman bogi sau 70, sau 67 suka wuce.

Saboda haka don kayanki sun wuce a Kano ba hujja ba ce a Jidda. Can jami'ai na iya buɗewa, kuma sunan da ke jikin tag, wato takardar da ake liƙa wa jaka, shi suka sani, ba ruwansu da "maƙwabciya ce ta ba ni". Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya har kisa yake kaiwa. Kin manta ɗalibar nan da aka kama a Madina ƙarshen 2018, wadda aka maƙala sunanta a jakar da ba ta ma san da ita ba? Sai Afrilun 2019 ta fito, ita da ba ta karɓi saƙon kowa ba ke nan fa.

Ki ce wa maƙwabciyar ta kwance salatef ɗin a gabanki ki ga komai da idonki, magani ko na ciwon kai ne a cire. In ta ce ba ki yarda da ita ba, ki mayar mata da kayanta. Sannan ki ƙirga tag ɗin da aka ba ki a wajen miƙa kaya, ya zo daidai da yawan jakunkunanki kafin ki bar wajen.