Tsoffin sulallan Rumawa suna tashi kuwa in an ajiye su?

Wa alaikumussalam ɗan uwa. Ka ce ka ga sulen Rumawa mai shekara kusan 1,700 a kasuwar intanet ta eBay dala 15 kacal, kana so ka kwashi kamar ashirin ka ajiye ko gaba su yi kuɗi. To ni dai na jima ina tara su, kuma gaskiya in don riba ne kar ka fara da waɗannan.

Wanda ka gani ɗin da wuya in ba na tagulla bane na zamanin Sarki Konstantin ko 'ya'yansa, ƙarni na 4. Ina da irinsu, ƙanana ne kamar maɓallin riga, gaba kan sarki, baya sojoji biyu kowa riƙe da mashi, ga tuta a tsakaninsu, an rubuta GLORIA EXERCITVS. An buga su ba adadi kuma har gobe ƙasa tana fitar da sulallan Rumawa. A 2010 wani mai na'urar neman ƙarfe ya tono tukunya a Frome can Ingila da sulalla 52,503 a ciki, tukunya ɗaya fa. To abin da ke fitowa haka ta ina zai yi tsada? Na farko-farkon da na saya in ka duba a dala kusan inda na bar su suke, a naira ne za ka ga kamar ka ci riba, alhali nairar ce ta faɗi, da dalar ka ajiye ma haka za ka gani.

Su kansu Rumawan sun sha wannan karyewar kuɗi. Denarius, wato sulen azurfarsu, a zamanin Sarki Augustus kusan azurfa zalla ce, Sarki Nero ya fara rage ta a shekara ta 64 miladiyya, Sarki Caracalla ya fito da sabon sule a 215 da ake ƙirgawa denarius biyu amma azurfarsa ta ɗaya da rabi ce, kafin a kai 270 ya koma tagulla da aka ɗan shafa wa azurfa a sama. Shi yasa na wannan lokacin suke birjik a kasuwa.

Masu tashi su ne waɗanda fuska da rubutu suka fito tangaran, ko na sarkin da bai daɗe a mulki ba, ko masu labari. Denarius ɗin Sarki Tiberius ba wani ƙaranci yake ba amma sai ka ajiye ɗaruruwan daloli, don Kiristoci na ɗaukarsa shi ne sulen harajin Kaisar da Linjila ta ambata, kowa na nema. Na zinaren Brutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Julius Kaisar, mai wuƙaƙe biyu da rubutun EID MAR, na tunawa da kisan, an yi gwanjonsa a Landan a 2020 kan fam miliyan 3 da ɗoriya, sai ga shi a 2023 an mayar wa Girka don takardun asalinsa na jabu ne. Wlh tun daga nan ko ƙaramin sule na saya ina adana rasit da tsohon tikitinsa, wato 'yar takardar bayaninsa da ta zo da shi, yana ƙara masa daraja ranar sayarwa.

Kar ka manta da kamasho kuma, gidajen gwanjo na ɗora wajen kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aikowa, ranar da ka matsu dila ba zai ba ka abin da ka saya ba.

Jabu sun cika eBay. Duba gefen sulen, in ka ga layin haɗi ko ƙananan ramuka a fuska to zuba shi aka yi a mazubi, na gaske bugawa ake da guduma. Kuma dan Allah kar ka goge, wani abokina ya jiƙa nasa a lemon tsami ya dirje har yana sheƙi, wannan koren dattin da ya cire shi ne rabin kuɗin. Wanda ake tsoro shi ne kore mai gari-gari da ke fitowa da damina, yana cin tagullar, sai ka ware shi ka sa a wuri busasshe.

Da ni ne wannan dala 300 ɗin denarius biyu ko uku masu kyau zan saya, na Sarki Trajan ko Sarki Septimius Severus, wurin dilan da ya yarda a dawo masa in jabu ne, kuma sai na leƙa acsearch, shafin intanet da ke adana bayanan gwanjon sulalla, na ga nawa irinsu suka tafi a baya. Turo hoton gaba da baya da nauyinsa a giram mu gani tukuna.