Staj a hutun damina: babban ofis a Garwa ko ƙaramin asibiti a wajen Yagwa?

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Ni 'yar Garwa ce a Kamaru, ina shekara ta biyu a jami'a a Marwa, ina karanta ilimin muhalli, kuma burina aikin lafiyar jama'a. Makaranta ta ce dole mu yi staj, wato koyon aiki, na wata biyu a babban hutu, mu kawo rahoto. Kawuna ya samo mini wuri a wani babban ofis a nan Garwa, kusa da gida. Ƙawata kuma ta ce in bi ta wani ƙaramin asibiti a wajen Yagwa, inda yayarta ke aiki. Waɗanda suka riga mu sun ce staj zaman banza ne, daga hoton takardu sai aike, kuma ko dala ba a ba ka. Wanne zan ɗauka? Me zan yi kada wata biyun su tafi a iska?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Da ni ne ke, Yagwa zan tafi. Amma akwai sharuɗɗa, zan zo kansu.

Ki fara da duba kalanda. Babban hutunku yana faɗowa tsakanin Yuli da Satumba, wato tsakiyar damina, kuma mu masu aikin duba-gari wannan ne lokacin da ba ma zama. Mayo-mayo, wato rafukan da kika saba ganin yara na ƙwallo a cikin yashinsu a Marwa sun kawo ruwa. Masai ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwashi abin da ke ciki ya kai bakin rijiya. Sauro ya samu kududdufi. Kwalarar 2010, wadda ta kama sama da mutum 10,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a yankin Arewa Mai Nisa, da damina ta yi ƙarfi. Ambaliyar 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo, mutanen Garwa ba su manta da ita ba, kuma a 2024 Yagwar da kike magana ruwa ya ci gidaje da makarantu. A irin wannan lokaci ƙaramin asibiti mai ma'aikata kaɗan ba ya barin ɗaliba ta zauna tana latsa waya. Hannu suke nema. Babban ofis kuwa yakan cika da 'yan staj, kowa da kawunsa, kujera ma sai an yi rububi. Waɗanda suka ce miki zaman banza ne ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani suka faɗa.

To me za ki tarar a can? Na farko, rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ma'aikata ke ce wa CPS. Tun 2016 ake yin sa a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa. Ana bin gida gida sau ɗaya a wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba, ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Maganin na kwana uku ne. Ranar farko a gaban mai rabo yaro ke sha, sauran na kwana biyu a hannun uwa ake bari. A takarda, shi ke nan. Sai kin tsuguna a tsakar gida, an niƙa ƙwaya a cokali, yaro ya datse haƙora yana ihu, kakarsa na cewa a ƙyale mata jika tunda lafiyarsa lau, sannan za ki gane inda gizo ke saƙa. Ki koma gidan bayan kwana huɗu, bayan gaisuwa ki ce wa uwar: "Inna, ina takardar maganin nan?" Wani lokaci za ta zaro ta daga cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, ƙwaya biyu na nan daram, ta ajiye su sai ranar da jikinsa ya yi zafi. A rajista an rubuta yaron ya samu. A jikinsa kuwa, kariyar ba ta cika ba. Wannan tazara tsakanin abin da aka rubuta da abin da ya faru, ita ce rabin aikin lafiyar jama'a, kuma ba a hango ta daga bene.

Na biyu ruwa, kuma tunda muhalli kike karanta, a nan nake so ki kafa rahotonki. Kada ki je da taken da ya fi ƙarfinki, irin "matsalolin tsabtar muhalli a Mayo-Danay", wato duk sashen da Yagwa ke ciki. Wata biyu ba za su ɗauka ba, ƙarshenta ki kwafo daga intanet. Ki ɗauki tambaya guda, ƙarama, wadda ake aunawa. Misali: ruwan da ya fito daga famfo ko foraj (rijiyar burtsatse) da tsabtarsa, yana kai wa bakin mai sha da tsabtar? Ki zaɓi gida ashirin ko talatin, ki bi ruwan tun daga inda aka ɗebo shi, cikin jarka, kan amalanke ko kan yarinya, har randa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai 'yar roba mai gida-gida da ake auna kulorin da ita. Ki cika ta da ruwa, ki jefa ƙwayar DPD, ki girgiza. In akwai kulorin, ruwan zai yi ja-ja kamar an ɗiga zoɓo a kofi, sai ki gwada launin da ma'aunin da ke jikin robar. Abin da ake nema ya rage a ruwan sha shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, bayan maganin ya yi minti 30 a ciki. In ana kwalara ba a so ya gaza 0.5 a inda ake ɗiba. Ruwa mai laka yana cinye kulorin, shi ya sa ake barinsa ya kwanta ko a tace shi kafin a sa kulorin ɗin, ƙwayar Aquatabs ce ko ruwan Javel. Abin da na sha gani shi ne a bakin famfo launi ya fito, washegari a randa ruwa fari fat, ba alamar komai. Ruwa ba ya tsami banza. Ki zauna a inuwa ki zuba wa randar ido na awa ɗaya. Moɗa tana ƙasa, kaza ta taka ta. Yaro ya fito daga bayan gida, ya ɗauka, ya zura hannu har gwiwar hannu. Murfin faifai ne, ko babu. Ki rubuta duk wannan. Ki kuma auna nisan masai da rijiya da takunki in ba ki da awo: ƙa'ida ita ce mita 30 aƙalla, kuma gindin ramin ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ya kai. A ƙasar bakin kogin Logon, inda Yagwa take, da damina ruwan ƙasa yakan taso har kusa da sama, don haka ƙa'ida ta biyun takan karye ko da maigida ya yi iya ƙoƙarinsa. Ki faɗi haka a rahotonki, kada ki ɗora wa mutane laifin da na ƙasa ne.

Yankin yana da wasu abubuwa biyu da ba za ki gani a Garwa kamar yadda za ki gan su can ba. Gonakin shinkafa na Yagwa da Maga, da magudanansu, gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ne. Ki tambayi malaman makaranta yawan yaran da ke fitsarin jini, za ki ji yadda wasu iyaye suka ɗauki abin kamar ba ciwo ba. Sai kurkunu. An ba Kamaru shaidar rabuwa da shi a 2007, amma a gundumar lafiya ta Gere, maƙwabciyar Yagwa a gaɓar Logon, ana samun sa a jikin karnuka, kamar yadda ake samu a tsallaken kogin a Cadi. Za ki ga an ɗaure karnuka, ana binne hanjin kifi, ana zuba maganin Abate a tabkuna don kashe ƙananan ƙwarin ruwan da ke ɗauke da kurkunun. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa zai biya kuɗin jirgi don ya ga wannan. Ke kuɗin mota kawai za ki biya.

Yanzu bari in ba ki labarin wautata, ko kya tsallake ramin da na faɗa. A staj ɗina na farko aka tura ni duba masai a wata unguwa. Ina ɗan saurayi, ga farar riga, ga littafi a hammata. Ban gaida jauro, wato mai unguwa, ba, ban nemi ɗan rakiya ba. Na yi sallama a wani gida, na leƙa bayan gida, na fito na tsaya a tsakar gida ina faɗa wa maigida, a gaban matansa da surukarsa, cewa gidansa ƙazami ne. Bai ce mini uffan ba. Ya rako ni har zaure, ya ce in gaida mutanen gida. Washegari duk ƙofar da na ƙwanƙwasa sai a ce masu gida ba sa nan, alhali ina jin daka a ciki. Sati guda ban cika layi ɗaya a littafina ba, sai da wani tsohon ma'aikaci ya ja ni gaban jauro na ba da haƙuri. Saboda haka ranar farko ki sa a kai ki wurin lawan ko jauro. Ki riƙa fita da ma'aikatan lafiya na cikin unguwa, waɗanda ake ce wa ASC, don su ne suka san gidan da ake shiga da safe da wanda sai bayan la'asar. Hausa da Fulatancinki za su kai ki nesa a kasuwa, amma a ƙauyukan Masa da Musgum ki koyi gaisuwa da yarensu, ko kalma biyar ce. Kuma ke kina da abin da ni ban taɓa samu ba: mace ce ke, za ki shige har ɗaki, ki ga randa da idonki, ni kuwa iyakata zaure.

Sharuɗɗan da na ce. Kada ki kama hanya sai kin san sunan wanda zai kula da aikinki, kin yi magana da shi, ya san tambayar da za ki bincika. Yayar ƙawarki masauki ce, ba lallai ita ce mai sa hannu ba. Takardar neman staj ki rubuta ta zuwa ga shugaban gundumar lafiya, ki haɗa da takardar makaranta, don in babu amincewarsa takardar shaidar da za a ba ki a ƙarshe ba ta da nauyi. Masauki ya zama gidan mutunci da iyayenki suka yarda da shi, kuma ki je wurin kawu da kanki ki yi masa godiya, ki bayyana masa dalili. Ya yi miki ƙoƙari, kada ya ji a bakin wani.

In gida suka ce a'a, kada ki ja. A Garwa ma akwai aiki. Ki nemi sashen tsabta na meri, wato ƙaramar hukuma, su ne masu zagaya kasuwa, mahauta da gidajen abinci. Reshen Centre Pasteur na Garwa wuri ne na ganin yadda ake gwajin samfur, in kin samu shiga. Ko a ofishin kawun naki, ki roƙa a haɗa ki da masu sa ido kan annoba, waɗanda ke karɓar alƙaluman mako mako daga gundumomi a manhajar DHIS2. Wanda ya iya karanta waɗannan alƙaluma, ya lura gudawa ta ƙaru a wuri kaza kafin a fara kai gawa, ba zaman banza yake ba. Sai dai ki nace a fita da ke duk ranar da za a je duba aiki.

Batun kuɗi, ki sa a ranki babu. Staj na makaranta galibi ba a biya. Wanda kika ji ana ba da ɗan abu shi ne aikin hutu da meri-meri ke ɗaukar matasa, su yashe lambatu, su share titi, su jera takardu, kuma ba kullum makaranta ke karɓarsa a madadin nata ba. Ki tambayi malaminku kafin ki dogara da shi.

Sai kula da kanki. Ki kwana cikin gidan sauro kullum, ki tabbatar kin yi rigakafin ciwon hanta nau'in B da na tetanus. Kada ki taka ruwan gonar shinkafa ko na kududdufi da ƙafa tsirara, komai zafin rana, don ta fata tsargiya ke shiga. A ƙaramin asibiti, ranar da aiki ya yi yawa, wani zai miƙo miki sirinji ya ce taimaka. Ki ce ba a koya miki ba, ba abin kunya ba ne. In aka kawo mai amai da gudawa, aikinki haɗa ruwan kulorin, kuma ki haddace su tun yanzu: kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na gado da ƙasa da tufafi, 2 na kashi da amai. Kada ki ɗauki hoton mara lafiya ko masan gidan wani ki sa a WhatsApp ko Facebook, kuma a rahoto lamba za ki ba gidaje, ba suna ba.

Ki sayi littafi mai kauri, ki rubuta abin da kika gani kowace yamma kafin ki kwanta, da kwanan wata, don bayan sati uku gidajen duk za su cakuɗe miki. In kin gama rahoton, kwafi ɗaya na shugaban asibitin ne, ki kai masa da hannunki. Takardar neman kuma ki shigar da ita tun watan Mayu. Takalmin roba na ruwa ki saye shi a babbar kasuwar Garwa kafin ki tafi, don a kasuwar ƙauye da wuya ki samu daidai ƙafarki, kusan duk na maza ne.