Motata ta dizal tana hayaƙi ta ƙasa da sanyin safiya: mene ne, kuma yaya ake kashe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jos, na sayi Sharan 'yar Kwatano mai injin dizal 1.9 TDI a cikin damina. Ba ta taɓa ba ni matsala ba sai da hunturu ya shigo. Yanzu idan na tayar da ita da asuba sai in ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashinta, can kuma sai ƙugi kamar jirgi zai tashi, ga farin hayaƙi yana fitowa ta gefen hagu kusa da tayar baya, ba ta salansa ba. Bakanikena ya ce a yanke wayoyi da tiyoyin wajen a huta. In bari ya yanke?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a sa wuƙa a wajen tukuna. Injinka lafiyarsa ƙalau. Abin da kake ji ƙaramin murhu ne mai aiki da dizal, wanda aka ɗaura a ƙasan motar tun daga masana'anta don ya taimaka wa injin wajen ɗumama ruwa. Jamusawa na kiransa Zuheizer. A Sharan, da 'yan uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra waɗanda aka ƙera su tare a Fotugal tun wajen 1995, galibi na kamfanin Eberspächer ne, mai ƙarfin kilowat 5. Wasu motocin kuma na Webasto ake sa musu.

Dalilin sa shi kuwa shi ne injin dizal irin TDI ba ya ɓarnar mai, saboda haka zafin da yake zubarwa a cikin ruwa kaɗan ne. Wannan abin so ne a aljihu, amma a Jamus ko Beljiyam, inda ake wayar gari gilashi ya daskare, direba zai iya yin doguwar tafiya hitar cikin mota ba ta kawo ɗumi ba. Ga Sharan babbar mota ce, ɗakinta da faɗi. Shi ya sa aka ƙara mata wannan murhu.

Ga yadda yake aiki. Sharaɗi uku yake jira: injin yana aiki, ruwan injin bai kai wajen digiri 75 ba, sannan iskar waje ta yi sanyi, ƙasa da digiri 10 a yawancin irin motarka, a wasu kuma sai ta sauka ƙasa da 5. Da sun cika, sai fankarsa ta fara zuƙo iska, filoginsa ya yi jawur, wani ɗan famfo ya riƙa ɗigo masa mai daga tankin motar. Famfon nan shi ne mai ƙas-ƙas ɗin, kowane bugu ɗigo ɗaya. Idan wuta ta kama sai fankar ta ƙara gudu, ƙugin jirgin da kake ji ke nan. Ruwan injin yana zagaya jikin tukunyar da wutar ke ci, ya ɗauki zafi ya wuce. Da ruwan ya haura digiri 80 sai murhun ya sassauta, daga baya ya mutu da kansa. Yana da ɗan salansarsa daban, shi ya sa hayaƙin ba ta baya yake fita ba. A cikakken aiki yana shan kamar lita 0.6 a awa.

Ka ga dalilin da ya sa ya yi shiru duk damina. Sai da sanyin Jos ya kai inda yake jira sannan ya farka. Masu irin motar a Agadas da Damagaram su ma a watan Disamba da Janairu suke fara wannan ƙorafi.

Lafiyayyen murhu ɗan hayaƙi yake yi na ɗan lokaci a farkon kamawa, sannan ya washe. Farin hayaƙi mai kauri mai warin ɗanyen dizal alama ce man yana zuba amma bai kama ba, kuma mafi yawan lokaci filogin ne ya gaji ko tukunyar ta cika da baƙin toka. Murhun da ya shekara bai yi aiki ba ba abin mamaki ba ne ya yi haka. Idan ya gwada kamawa sau da yawa ya kasa, kwamfutarsa kan kulle shi sai an goge laifin da na'urar gwaji.

Akwai wani abu da nake so ka duba kafin komai, domin yana damuna ƙwarai. Ɗaya daga cikin gyare-gyaren farko da ake yi wa motar Turai a nan shi ne cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya ɗumama, wai don kada ta yi zafi. Idan an cire na motarka, ruwan ba zai kai digirin da murhun yake jira ba da sanyin safiya, sai ya yi ta ci ba tsayawa, yana ɗumama ruwan da lagireto ke sanyayawa. Mai yana tafiya a banza, injin kuma yana aiki a sanyaye. Ka mayar da tamostat ɗin ko da ka kashe murhun.

Batun kashewa kuma, ta hanyar lantarki ake yi, ba ta hanyar ruwa ba. A tsohuwar Sharan hanya mafi sauƙi ita ce a zare soket ɗin ɗan makunnin da ke auna sanyin waje, wanda yake wajen ƙarafunan waifa a ƙasan gilashin gaba. Da an zare shi murhun ba zai ƙara samun labarin sanyi ba. Ana iya cire fiyus ɗinsa ma, amma lambar fiyus tana bambanta daga shekara zuwa shekara, don haka a duba littafin motar ko zanen da ke jikin murfin akwatin, a kuma tabbata ba ya haɗe da wani abin. Idan mai wayarin ya fi so ya zare soket ɗin da ke jikin murhun kansa, to ya naɗe bakinsa da kyau saboda ruwa da laka. A motocin da suka biyo baya, kamar Touran mai Climatronic, wato AC mai daidaita kanta, danna maɓallin ECON kaɗai yana hana shi tashi, kuma mai na'urar gwaji irin VCDS zai iya kashe shi daga kwamfuta. Wasu sababbin motocin dizal ma ba su da murhun mai sam, hitar lantarki ce mai kamar kilowat 1 a cikin akwatin iska, ba ƙara ba hayaƙi.

Kada a zare komai yana cikin ci. Bayan wutar ta mutu fankarsa tana ci gaba da juyawa minti biyu zuwa uku don ta sanyaya tukunyar, ko da ka kashe mota. Idan aka katse masa wuta a lokacin, zafin da ya taru zai iya lalata shi. A jira ya yi tsit.

Yanke tiyo shi ne abin da ban yarda da shi ba. Ruwan da ke ratsa murhun shi ne dai ruwan injinka, kuma a wannan layin hitar baya take. Duk wanda ya yanke ya toshe da ƙusa ko katako ya buɗe ƙofar yoyo da shigar iska, ƙarshenta gasket ɗin injin ya ƙone. Idan jikin murhun ya ruɓe yana ɗigar ruwa, dole a cire shi, to sai a haɗa tiyoyin biyu da bututu mai kyau da kilif, a toshe layin mai sosai, a zare soket ɗin famfon, a cika ruwa a fitar da iska.

Kafin ka kai ta gareji, kada ka bar ta tana aiki a rufaffen wuri, domin hayaƙin yana da gubar da ba a jin warinta, kuma kada ka tsayar da ita a kan busasshiyar ciyawa da safe, ɗan salansar nan yana zafi sosai kuma kusa da ƙasa yake.