Kwana a tanti kan tsauni da iyali: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni da maigida da yaranmu uku za mu yi kwana biyar a kan tsauni tare da jagora, kuma wurin da za a kafa mana tanti ya kai mita 3,200. Autanmu shekararsa uku. An ce tsayi yana sa ciwo. Yaya zan gane shi a jikin yaro?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya aka faɗa miki. A can sama iska sako-sako take, a mita 3,000 numfashi ɗaya yana kawo wajen kashi 70 cikin ɗari ne kawai na oksijin ɗin da mutum zai shaƙa a bakin teku. Jiki yana sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Ciwon yakan fara ne daga mita 2,500, galibi awa 6 zuwa 12 bayan an isa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da rashin barci. Ƙarfin jiki ba ya hana shi, ɗan wasan motsa jiki ma yana kwanciya da shi.

Matsalar autanki ita ce ba zai ce miki kansa ke ciwo ba. Abin da za ki gani rigima ce marar dalili, ƙin abinci, amai, ko yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya koma ya lafe a jikinki. Idan haka ta faru a sama, ki ɗauka tsayin ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma kada a ƙara hawa da shi.

Tun kafin ku tashi, ki sa maigida ya nemi jagoran ya faɗi tsayin wurin kwana na kowane dare. Tsayin da aka kwana a kai shi ne abin lura, ba wanda aka taka da rana aka dawo ba. Ban so ku tashi daga ƙasa ku kwana a 3,200 rana ɗaya, ku fara yin dare ɗaya ko biyu a wuri mafi ƙasa. Bayan an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare, a kuma huta kwana guda duk bayan kwana uku ko huɗu.

Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu. Haki alhali mutum yana zaune, tari mai fitar da kaki mai kumfa, ko leɓe ya yi shuɗi, wannan ruwa ne ya taru a huhu. Tangaɗi kamar mai maye, ruɗewa, ko barcin da ake tashin mutum da ƙyar, wannan ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Dukkansu suna kisa, kuma maganinsu na farko sauka, ko da tsakar dare ne. Saukar mita 300 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi a bayyane. Abin da ya fi damuna shi ne kawaicin iyaye, a ga yaro ba daidai ba a yi shiru don kada a ɓata wa ayari tafiya. Jagoran kirki ya fi son a tashe shi ƙarfe biyun dare.

Akwai maganin rigakafi, acetazolamide, yana sa yawan fitsari da jin tsira-tsira a yatsu. Likita ne zai rubuta shi, musamman ga yaro da ake auna masa da nauyinsa.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara tara sikila ce, ni kuma AS ne. Za mu iya bin 'yan'uwa wannan tafiya?

Amsa: Malam, ita kam a'a, kuma ba zan sassauta ba. Ƙarancin oksijin, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, kuma tsauni ya haɗa su duka uku, ga asibiti da nisa. Haɗarin yana farawa tun kafin a kai mita 2,000. A nema mata wurin shaƙatawa a ƙasa-ƙasa.

Kai kuma, yawancin masu AS suna hawa su sauko lafiya, amma akan samu wanda jini ke toshewa a saifarsa. Idan ka ji ciwo mai tsanani a hagun cikinka, ƙarƙashin haƙarƙari, ka sauka ka nufi asibiti. Ka sanar da jagora cewa kai AS ne tun farko.

Tambaya: Yarana ba sa jure sanyi. Zan iya kunna gawayi ko risho a cikin tanti da dare?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki kuskura. Gawayi da risho suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Mutum yana barci zai wuce. Abin takaicin ma, alamominta na farko ciwon kai ne da tashin zuciya, sai a zaci ciwon tsayi ne. Girki da jin ɗumi duk a waje.

Sanyin gaskiya ne, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, yara kuma sun fi manya saurin rasa ɗumi. Ki sa musu kaya hawa-hawa, da hular sanyi da safa, a cire duk abin da ya jiƙe da gumi kafin kwanciya. Shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashinsu ta fi ƙarin bargo a sama amfani, don ƙasa ce ke zuƙe ɗumin. Da rana kuma kada sanyin ya ruɗe ki, hasken rana ya fi ƙuna a sama, a sa musu hula da tabarau.

Tambaya: Ruwan ƙoramar tsauni garau yake, ba sai an tafasa ba ko?

Amsa: Sai an tafasa, Malam. Dabbobi da mutane suna bi ta samanku, kuma ƙwayar cutar giyadiya ba a ganinta da ido, sai bayan mako ɗaya ko biyu gudawa da kumburin ciki su bayyana. Minti ɗaya yana ɓararraka ya isa a ƙasa, amma sama da mita 2,000 a ba shi minti uku, domin a can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. A tafi da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, kuma ina da asma. Zan iya kwana a kan tsauni?

Amsa: Ki fara ganin likitan da ke miki awo. Shawarar da ake bai wa masu ciki ita ce kada su kwana sama da kimanin mita 3,000, a kuma duba nisan wurin da asibiti. Asma kuwa iska mai sanyi ce ke tayar da ita, ki riƙa rufe hanci da baki da mayafi, abin shaƙarki ya kasance biyu, ɗaya a aljihunki ɗaya a jakar maigida.