Tsofaffin Takardun Kuɗin Ayalan: Wacce Za a Saya, Wacce Za a Bari

Wani mai karatu daga Kano ya ce an yi masa tallar fam ɗaya na ƙasar Ayalan (Ireland) mai hoton wata mace, an ce tsohuwa ce ƙwarai. Yana tambaya ko ya kamata ya saya.

Malam, kada tsufa ya ruɗe ka. Wannan ita ce takardar da masu tarawa ke kira da sunan Hazel Lavery, matar da mijinta, Sir John Lavery, ya zana. An fara fitar da jerin takardun masu hotonta a 1928, aka ci gaba da buga shi kusan shekara hamsin da zane iri ɗaya. Saboda haka fam ɗaya na 1928 da na 1975 kusan fuska ɗaya gare su, amma tsakanin farashinsu akwai tazara mai yawa. Na shekarun 1970 suna nan birjik, ba su da tsada.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne, takardun Ayalan suna ɗauke da kwanan wata a jikinsu. Fara duba shi. Sannan ka karanta sunan hukumar da ke sama: idan Currency Commission ce, an buga takardar kafin a kafa Babban Bankin Ayalan a 1943, kuma irin waɗannan sun fi daraja. Sai ka nemi wani ƙaramin harafi a cikin da'ira. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ana buga kuɗin a Ingila ana tsallako da su ta teku, shi ya sa aka riƙa sa wa kowane kaso harafinsa, don in kaya ya salwanta a hanya a san wanda za a soke. Masu tarawa suna bin waɗannan haruffa ɗaya bayan ɗaya, wasunsu kuwa da wuyar samu.

Juya bayanta ma ka ba ido hakkinsa. Fuskar da ke nan an kwaikwayo ta ne daga sassaƙen Edward Smyth da ke jikin ginin kwastan na Dublin, kowace fuska tana wakiltar wani kogi. A gaban takardar kuwa, a sule goma da fam ɗaya da fam biyar, kai da kafaɗun matar kawai ake gani. Daga fam goma zuwa sama ne take fitowa sosai, ta yi tagumi, ta jingina da garayar Ayalan. A ganinmu fam goman nan ya fi duk sauran dacewa da wanda kyan zane ya ja shi.

Wata Hajiya ta ce an bar mata wasu na baya-bayan nan, masu hoton mutane daban-daban. Sun zama takardar tsire ke nan?

A'a, Hajiya. An daina ciniki da fam na Ayalan ranar 9 ga Fabrairu, 2002, amma Babban Bankin ƙasar yana canja su zuwa yuro har yau, a kan farashin da aka tsayar: yuro ɗaya daidai da fam 0.787564. Wato fam ɗaya ya kai kusan yuro 1.27, fam ɗari kuwa yuro 126.97. Kada ki sayar ƙasa da haka. Kafin ki kai banki kuma, ki tantance abin da ke hannunki. Jerin da ya fara a 1976 yana da Sarauniya Medb a fam ɗaya, Jonathan Swift a goma, W. B. Yeats a ashirin, makaɗi O'Carolan a hamsin. Jerin ƙarshe, wanda Robert Ballagh ya zana a shekarun 1990, yana da James Joyce a goma da Parnell a ɗari. Waɗanda suka sha hannu, banki ne wurinsu. Sababbi fil, musamman manyan, a wurin masu tarawa za su fi tsada. Idan lambar takarda ta fara da harafi ɗaya sau uku a jere, ki ware ta: irinta ake bugawa a madadin wadda ta lalace a wurin ɗab'i, kuma ba su da yawa.

Me ya sa takardun Ayalan masu hoton manomi da dawakai ke da tsada sosai?

An fara fitar da su a 1929 da sunan bankuna takwas, aka janye su daga baya aka lalata mafi yawa. Zanen ɗaya ne, sunan banki ne ke yanka farashi, na Northern Bank kuwa ya fi wuyar samu. Sabon shiga ya ɗan dakata da su tukuna.

Yaya ake gane wadda aka yi wa kwaskwarima, kuma yaya ake adanawa?

Ɗaga ta a haske ka ga alamar da ke cikin jikin takardar, ka kuma duba ƙananan hudoji na allura. Sannan ka kwantar da ita ka haska tocila daga gefe: lanƙwasar da aka danne da dutsen guga za ta fito fili. Takardar da aka wanke takan yi laushi, launinta ya kode, wani lokaci har da warin sinadari. Gefen da ya miƙe sumul a tsohuwar takarda abin zargi ne, wataƙila an datse shi, don haka ka gwada girmanta da wata irinta. Lanƙwasa ɗaya a tsakiya ta isa ta sauko da ita daga matakin sabuwa fil.

Wajen ajiya, a guji leda mai laushi ta PVC, domin tana fitar da maiƙo mai ɓata tawada. A nemi jakar foliyesta mai tauri wadda aka yi don takardun kuɗi, ɗaya a kowace jaka. Ba a manna salatif, ba a like ta cikin roba da zafi, yin haka kashe darajarta ne gaba ɗaya. Da damina a sa ƙunshin sinadarin tsotse laima a cikin akwatin, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a kuma nisanta shi da taga, don rana tana cinye koren launin fam ɗaya.