Amsa ga mai tambayar yadda ake nuna garin da labari ke faruwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce masu karatu na korafin ba sa jin garin da labarinki ke faruwa, alhali kin cika shafi biyu kina siffanta falo da kujeru da labule. To ai nan gizo ke saƙar, falon Abuja da na Kano da na Dubai duk ɗaya ne a takarda, ba shi zai nuna gari ba.

Na daɗe ina duba rubutun sababbin marubuta, abin da nake faɗa musu kullum shi ne a fito da jarumar waje. Idan Kano ne bar ta ta tare adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari, su yi ciniki da direba kan kuɗin mota, 'yan dako na ihun a ba su hanya, mai shago na jawo ta da "Hajiya shigo ki ga sabon yayi", shikenan ba sai kin rubuta sunan garin sau goma ba. Amma ki kula da shekara, don an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, kuma wayar salula ta GSM sai 2001 ta shigo Najeriya, kar ki ce labarin 1995 ne sannan saurayi yana turo tes, wallahi masu karatu ba sa yafe irin wannan.

Sai baki. Basakkwace "mi" zai ce ba "me" ba, fari kuma hwari. Mutumin Maraɗi da dala da jaka yake lissafin sefa, ɗansa lakwal (wato makaranta) yake zuwa. Kalma biyu uku sun isa fa, kar a cika har karatu ya gagara.

Yanayi ma kar ki ce "ana sanyi sosai" ki wuce. Nuna leɓe ya tsage, ana shafa basilin, yara sun kewaye murhu da asuba sun ƙi wanka, kowa ya san hunturu ne.

Masu kai jarumi Landan ba su taɓa wuce Zariya ba kuwa, ni dai shawarata a tambayi wanda ya zauna can tukuna, ko a dawo da shi unguwar da aka sani. Turo shafin farko mu gani in sha Allah.