Waɗanne Lambobi Ne Suka Dace da Lissafin Tankin Ruwa?

Tambaya: Malam, an ba mu lissafin tanki mai lita 500 da ake ɗiban lita 20 daga cikinsa kowane minti, aka rubuta ragowar ruwan haka: R = 500 − 20t, inda t take nufin yawan mintunan da suka wuce. Yaya zan gane lambobin da ya dace in sa a gurbin t? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: A kan takarda wannan ƙa'ida za ta karɓi kowace lamba, amma tankin ba zai karɓa ba, saboda haka daga gare shi za ki fara tunani. Ƙirgen lokaci yana farawa ne daga sifili, sa'ad da aka buɗe famfo, kuma ruwan zai ƙare idan 20t ta kai 500, wato a minti na 25. Idan kika sa 30 za ki sami −100, alhali babu tankin da ruwansa ke gaza sifili. Don haka t tana tsakanin 0 da 25, har da su biyun, kuma minti 7.5 ma ya halatta. Da a ce t tana ƙirga cikakkun jarkoki masu lita 20 ne, to da sai ki tsaya ga cikakkun lambobi kawai, kuma a ganina a nan ne ya fi kamata ki lura.